Yadda ake kafa tawagar malaman lissafi ta intanet da yadda ake tafiyar da ita

Tawagar malaman lissafi ta intanet rukuni ne na malamai da ke koyar da ɗalibai daga nesa, kowa daga inda yake zaune, a ƙarƙashin shugabanci ɗaya, jadawali ɗaya da ƙa'idojin aiki iri ɗaya. Malami na iya kasancewa a Zariya, ɗalibarsa a Abuja, mai kula da aikin kuma a Kano, ba tare da sun taɓa haɗuwa ido da ido ba. Sana'ar malamin lesin ce da aka saba da ita a birane, sai dai waya da kwamfuta sun maye gurbin bin gida-gida.

Aikin ba ya buƙatar hayar gini ko sayen bencina, shi ya sa yake jan hankalin masu ƙaramin jari. Sai dai sauƙin farawar yana ɓoye nauyin da ke cikinsa, domin abu biyu ake damƙa wa mai tawaga amana: kuɗin iyaye da shekarar ɗalibi. Yaron da bai samu kiredit a lissafi ba a jarrabawar WAEC ko NECO ba zai samu gurbin karatun likitanci, injiniyanci ko akanta ba, sai ya sake zama wata jarrabawar. Mai makaranta yana iya zagayawa ya leƙa aji ta taga, amma mai tawagar intanet ba shi da wannan dama. Abin da zai tsaya masa a madadinta shi ne rubutaccen tsari da kowane malami ke bi, da bayanan da ke nuna abin da ya gudana a kowane darasi.

Asalin sana'ar

Koyar da lissafi daga nesa ya girmi manhajojin bidiyo da ake amfani da su a yau. A 2004 Salman Khan, wanda ke aiki a Boston ta Amurka, ya fara koya wa wata 'yar uwarsa da ke New Orleans lissafi ta wayar tarho da wani allon zane na kamfanin Yahoo. Daga nan ne Khan Academy ta samo asali, aka kafa ta a 2008. A 2005 an kafa kamfanin TutorVista a Bangalore ta Indiya, inda malaman Indiya ke koyar da ɗaliban Amurka ta intanet, kuma daga baya kamfanin Pearson ya saye shi.

A Najeriya, Godwin Benson ya kafa Tuteria a 2015 domin haɗa malamai da masu neman darasi, kuma a 2017 ya lashe kyautar ƙirƙira ta Afirka da Cibiyar Injiniyoyi ta Masarautar Birtaniya ke bayarwa. A 2019 Sim Shagaya ya kafa uLesson, wanda ya fara aiki daga Jos. Rufe makarantu a watan Maris na 2020 saboda annobar korona ya tilasta wa iyaye da malamai da dama gwada karatu ta waya a karon farko, kuma wasu daga cikinsu ba su bari ba bayan an buɗe makarantun.

Abin da bincike ya nuna

A 1984 masanin ilimi Benjamin Bloom na Jami'ar Chicago ya wallafa cewa matsakaicin ɗalibin da aka koya wa shi kaɗai ya zarce kashi 98 cikin 100 na ɗaliban ajin gama-gari. Binciken da ya biyo baya bai samu tazara mai girma haka ba, amma ya tabbatar da amfanin. A 2020 Andre Nickow, Philip Oreopoulos da Vincent Quan sun tattara sakamakon gwaje-gwaje 96, suka gano cewa darasin ya fi tasiri idan malami ne ko mataimakin malami da aka horar ke bayar da shi, kuma ana yinsa aƙalla sau uku a mako.

An kuma gwada tsarin ta intanet. A Italiya, lokacin kullen 2020, ɗaliban jami'a 'yan sa-kai sun riƙa koyar da yaran ƙaramar sakandare na sa'o'i uku a mako, kuma sakamakon yaran ya inganta. A Sifaniya, a 2021, shirin Menttores ya haɗa ɗalibai biyu-biyu da ƙwararren malamin lissafi, darasi uku na minti 50 a kowane mako har tsawon mako takwas, makin yaran ya ƙaru, masu maimaita aji suka ragu.

Gwajin da ya fi kusa da yanayin Najeriya shi ne na Botswana. A 2020 ƙungiyar Young 1ove, wadda yanzu ake kira Youth Impact, ta yi aiki da gidaje kusan 4,500. Ana aika wa iyaye tambayoyin lissafi ta saƙon tes kowane mako, wasu gidajen kuma ana ƙara musu da kiran waya na minti 15 zuwa 20. A rukunin da ya samu saƙo da kira, yawan yaran da ba su iya lissafin farko ba ya ragu da kashi 31 cikin 100. Babu bidiyo ko babbar waya a wannan gwaji.

Darasin da mai kafa tawaga zai ɗauka daga waɗannan bincike shi ne tsadar kayan aiki ba ita ce ke kawo sakamako ba. Abin da ke kawo shi shi ne rukuni kaɗan, zama akai-akai, da farawa daga inda ɗalibi ya tsaya.

Zaɓen ɗalibai da darasi

Kafin a ɗauki malami ko ɗaya, sai an tantance waɗanda za a koyar. Ɗan firamare da ke fama da rabawa, ɗalibin aji uku na ƙaramar sakandare da ke shirin jarrabawar BECE, da ɗan aji shida da ke fuskantar WAEC, NECO da JAMB, kowannensu malami daban yake buƙata. Sabuwar tawaga ta fi samun nasara idan ta tsaya kan rukuni ɗaya har ta ƙware a kansa.

Ko a cikin jarrabawar kammala sakandare akwai bambanci. Lissafin WAEC takarda biyu ne: ta farko tambayoyi 50 na zaɓen amsa cikin awa ɗaya da rabi, ta biyu kuma tambayoyi 13 da ɗalibi zai amsa 10 cikin awa biyu da rabi, kuma ana ba da maki a kan matakan da aka bi, ba a kan amsar ƙarshe kaɗai ba. A JAMB kuwa tambayoyi 40 ne na lissafi a cikin 180 da ake amsawa a kwamfuta cikin awa biyu. Mai shirin WAEC yana buƙatar koyon shimfiɗa aiki dalla-dalla, mai shirin JAMB kuma yana buƙatar sauri.

Batun harshe ma sai an yanke shi tun farko. Bayani da Hausa yana buɗe wa yaro kai a inda Turanci ya toshe shi, amma da Turanci zai rubuta jarrabawa. Ƙa'idar da ta fi dacewa ita ce a warware ma'ana da harshen da yaro ya fi ji, sannan a karanta tambaya a rubuta amsa da kalmomin da zai tarar a takarda.

Rajista da doka

Ana yin rajistar sana'ar a Hukumar Yi wa Kamfanoni Rajista, CAC, ko dai a matsayin sunan kasuwanci ko a matsayin kamfani. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ba mutum ɗaya damar kafa ƙaramin kamfani shi kaɗai. Da takardar rajista ake buɗe asusun banki da sunan sana'ar, wanda shi ke raba kuɗin iyaye da kuɗin cefanen mai tawaga.

Ma'aikatan gwamnati suna da wani sharaɗi da ya kamata su sani. Ƙa'idar ɗa'ar ma'aikata da ke Jadawali na Biyar na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ta hana jami'in gwamnati mai cikakken aiki shiga harkar gudanar da kasuwanci mai zaman kansa, in ban da noma. Wannan ya shafi ma'aikacin da ke son tafiyar da tawagar da kansa, haka kuma ya kamata a duba shi kafin a ɗauki malamin makarantar gwamnati. Neman shawarar lauya tun kafin a fara ya fi amsa tambayoyi daga baya.

Akwai kuma Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023. Sunan yaro, lambar wayar iyayensa, makinsa da bidiyon darasinsa duk bayanai ne da dokar ta kare. Idan ɗalibi bai kai shekara 18 ba, sai da amincewar iyaye ko mai riƙonsa za a tattara su, kuma idan bayanan suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da masu su, wajibi ne a sanar da hukumar kare bayanai cikin sa'o'i 72.

Ɗaukar malamai

Akan samu malamai daga cikin masu takardar NCE ko digirin koyarwa, waɗanda suka karanta lissafi, injiniyanci ko kimiyya, masu yi wa ƙasa hidima, da malaman da suka yi ritaya. Rajista da Hukumar Rajistar Malamai ta Najeriya, TRCN, shaida ce cewa mutum ya samu horon koyarwa. Amma takarda ba ta nuna ko zai iya riƙe hankalin yaron da ba ya gabansa, saboda haka tantancewa takan bi matakai huɗu.

Na farko jarrabawa ce a rubuce, daga tambayoyin matakin da zai koyar, a cikin ƙayyadadden lokaci. Na biyu darasin gwaji ne na minti 20, ta wayar da zai riƙa aiki da ita, daga ɗakin da zai riƙa zama, domin a ji sautinsa a kuma ga ƙarfin sabis ɗinsa. Na uku tabbatar da ko shi wane ne, ta lambar NIN da takardun karatu da mutum biyu da suka san aikinsa, waɗanda za a kira a yi magana da su. Na huɗu wata ɗaya na gwaji da ɗalibai kaɗan.

A darasin gwajin ne ake gane malami. Mai tantancewa zai tsaya a matsayin ɗalibi, ya rubuta cewa 1/2 a tara da 1/3 ya ba da 2/5. Malamin da ya ce ba daidai ba ne, ya rubuta 5/6 ya wuce, ya san lissafi amma bai koyar ba. Wanda ya tambayi yadda aka samu 2/5, ya gane cewa an tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, sannan ya nuna cewa 2/5 bai ma kai rabin da aka fara da shi ba, shi ne ake nema. Haka kuma a lura da wanda ya fi yawan magana. Idan malami ya cinye minti 20 shi kaɗai, lacca ya yi, kuma ana samun irinta kyauta a YouTube.

Duk wanda aka ɗauka a ba shi yarjejeniya a rubuce: kuɗin kowane darasi, ranar biya, wanda zai sayi data, sanarwar da zai bayar kafin ya bar aiki, da hukuncin karkatar da ɗalibi zuwa lesin na kansa.

Kayan aiki

Lissafi ya bambanta da sauran darussa ta fuska ɗaya: dole malami ya ga hannun ɗalibi yana aiki. Ganin fuska bai kai ganin takarda muhimmanci ba. Hanya mafi araha ita ce a kafa waya a kan wani abin riƙewa, kyamararta na kallon littafin, yaro na rubutu malami na gani, shi ma malamin ya yi haka a nasa ɓangaren. Mai hali zai iya sayen ƙaramin allon rubutu da alƙalaminsa wanda ake jona wa kwamfuta. Inda sabis ba shi da ƙarfi, ɗalibi ya ɗauki hoton aikinsa ya tura ta WhatsApp, a tattauna a kai ta kiran murya.

Manhajojin kira suna da iyaka a tsarinsu na kyauta. Zoom yana yanke zama bayan minti 40, Google Meet kuma bayan minti 60 idan mahalarta sun kai uku. Don zana jadawalin lissafi da siffofi akwai GeoGebra, wadda Markus Hohenwarter ya ƙirƙira a Ostiriya a 2001, da kuma Desmos, dukkansu kyauta.

Data ita ce babban kashe kuɗi na yau da kullum. Bisa ƙiyasin Zoom, kiran bidiyo tsakanin mutum biyu yana buƙatar kilobit 600 a daƙiƙa wajen aikawa da kuma wajen karɓa, wato kusan megabait 540 a awa ɗaya. Darasi 12 a wata zai ci sama da gigabait shida. Kiran murya kaɗai bai kai megabait 100 a awa ba. Saboda haka wasu kan buɗe bidiyon fuska na mintunan gaisuwa, sannan su koma kan takarda.

Kowane malami ya kasance da layi biyu na kamfanoni daban-daban, da batirin ajiye caji ko ƙaramar sola, da fitilar da za ta haska takarda idan an ɗauke wuta. Kada kuma a jingina aikin gaba ɗaya kan manhaja guda, domin Google ya rufe allonsa na Jamboard a ƙarshen 2024, Microsoft kuma ya rufe Skype a watan Mayun 2025. Tambayoyi da bayanan ɗalibai su kasance a ajiye ta yadda za a iya ƙaura da su.

Tsarin darasi

Sabon ɗalibi yana farawa ne da gwajin gano matsayinsa, ba da babin da ajinsu yake ba. Sau da yawa ɗan babbar sakandare da ke kuka da aljabara, matsalarsa tana can baya, a lambobin da ke ƙasa da sifili ko a rabawa. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ta yi suna a kan wannan hanya ta rarraba yara bisa abin da suka iya maimakon ajin da suke. Sakamakon gwajin shi zai nuna rukunin da za a sa yaro, kuma da shi za a auna cigabansa daga baya.

Ya kamata darussan tawagar su kasance da siffa ɗaya ko wane ne malamin. A zama na minti 50, ana iya ba da biyar ga bitar darasin baya, 10 ga sabon bayani da misali, 25 ga ɗalibi yana aiki da hannunsa yana faɗin abin da yake yi, biyar ga tambaya ɗaya da zai amsa ba tare da taimako ba, biyar na ƙarshe ga aikin gida. Rukuni kada ya wuce yara uku ko huɗu, domin fiye da haka malami ba zai iya bin takardar kowa ba.

Bayan kowane zama malami zai cike gajeren rahoto: wanda ya halarta, abin da aka yi, inda yaro ya tsaya, da abin da za a fara da shi gaba. Wannan rahoto shi ne ke ba wani malami damar karɓar ajin ranar da mai shi ba ya nan, ba tare da an koma farko ba.

Jadawali

A yawancin biranen Arewa yara kan tafi Islamiyya da yamma daga Asabar zuwa Laraba. Lokacin da ya rage shi ne bayan sallar Magariba ko Isha'i, da yammacin Alhamis da Juma'a, da wani ɓangare na ƙarshen mako. Ma'anar wannan ita ce kusan duk iyaye sa'o'i iri ɗaya za su nema, kuma yawan ɗaliban da tawaga za ta iya ɗauka ya dogara ne da yawan malaman da ke da sarari a waɗannan sa'o'i. Watan azumi yana buƙatar jadawali na musamman da za a sanar tun kafin ya kama.

Idan akwai 'ya'yan 'yan Najeriya mazauna waje, sai a kula da bambancin agogo. Nijar lokacinta ɗaya da Najeriya, Ghana tana baya da awa ɗaya, Saudiyya tana gaba da awa biyu, Dubai da awa uku. Ingila tana daidai da Najeriya daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, sauran watannin kuma tana baya da awa ɗaya. Irin waɗannan ɗalibai manhajar karatun ƙasar da suke za a bi da su, ba ta WAEC ba.

Dokar fashin darasi ta kasance a rubuce: awa nawa kafin lokaci za a sanar, yaushe ake ramawa, da abin da za a yi idan sabis ya yanke a tsakiya. A kuma ware malami ɗaya na ko-ta-kwana a kowane dare.

Kuɗin shiga da biyan malamai

Ana karɓar kuɗi daga iyaye a farkon wata ta asusun sana'ar, a ba su rasit, a biya malamai a tsayayyar rana. Malami ba ya karɓar kuɗi daga hannun iyaye.

Misali zai nuna inda haɗarin yake. A ƙaddara rukuni na yara uku, kowanne yana biyan Naira 15,000 a wata don darasi 12, jimilla Naira 45,000. Idan malami yana karɓar Naira 2,250 a kowane darasi, haƙƙinsa Naira 27,000 ne. A cire Naira 3,000 na tallafin data, saura Naira 15,000 na kula da aiki, talla da riba. Idan yaro ɗaya ya fita, kuɗin shiga ya koma Naira 30,000, kuma babu abin da ya rage wa mai tawaga. Riƙe ɗalibin da ake da shi, ke nan, ya fi neman sabo muhimmanci, kuma ya kamata a ajiye kuɗin biyan malamai na wata ɗaya a gefe, musamman saboda watannin da ke biyo bayan jarrabawa, lokacin da 'yan ajin ƙarshe ke tafiya gaba ɗaya.

Matse haƙƙin malami domin a rage farashi yana da nasa sakamakon. A watan Maris na 2021 jaridar The Guardian ta Ingila ta ruwaito cewa wani kamfani da ke cikin shirin gwamnatin ƙasar na ƙarin darasi yana amfani da malaman lissafi a Siri Lanka, wasu 'yan shekara 17, ana biyan wasu fam 1.57 a awa. Gwamnati ta dakatar da amfani da waɗanda ba su kai shekara 18 ba. Ga ƙaramar tawaga, illar takan zo ne ta wata fuska: malamin da ba a biya shi da kyau ba zai tafi, ko ya tafi da ɗaliban.

Idan tawaga ta girma har ta ɗauki ma'aikata na dindindin, dokokin ƙwadago sun hau kanta. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa Naira 70,000 ne tun watan Yulin 2024, kuma dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa mai ma'aikata 15 ko fiye ya zuba kashi 10 cikin 100, ma'aikaci kuma kashi takwas.

Sa ido kan inganci

Mutum ɗaya ba zai iya kallon kowane darasi ba, kuma ba a buƙatar hakan. Abin da ake buƙata shi ne babban malami da zai leƙa darasi ɗaya na kowane malami a wata, kai-tsaye ko wanda aka naɗa, ya auna shi da ma'auni guda da kowa ya sani: an fara a kan lokaci, an ga aikin ɗalibi, yaro ya yi magana, an binciki tushen kuskure, an rufe da tambayar gwaji. Bayan haka ya zauna da malamin su biyu, ya faɗa masa abu ɗaya da ya yi kyau da abu ɗaya da zai gyara. Gyara a zauren WhatsApp a gaban abokan aiki yana kashe gwiwa.

Alƙaluma huɗu sun isa mai tawaga ya san halin da ake ciki: yawan halartar ɗalibai, yawan darussan da malami ya fasa ko ya makara, makin gwajin wata-wata idan aka kwatanta da na farko, da yawan iyayen da suka sabunta biya. Gwajin wata-wata kada ya kasance malamin ajin ne ya tsara shi ko ya duba shi.

Aiki daga gida yana sa malami ya ji shi kaɗai ne. Taron minti 30 a mako, inda kowa zai kawo kuskuren da ya fi gani a wajen ɗalibansa a tattauna yadda za a warware shi, yana zama horo kuma yana haɗa kan tawaga. Sauya wa yaro malami a tsakiyar zango abu ne da za a guje wa, domin sabo da amincewa ne ke sa yaro ya iya cewa bai gane ba.

Kare yara da amanar jarrabawa

Darasin intanet yana shigar da baƙo cikin gida ta waya, saboda haka ƙa'idojin kariya ba su da sassauci. Duk saƙo tsakanin malami da ɗalibi ya bi ta zauren da uba ko uwa da mai kula da aiki suke ciki. Ba a yarda da kira ko saƙo na keɓe ba. Yaro ya zauna a falo ko wani wuri da manya ke wucewa. Idan za a naɗi darasi, sai da izinin iyaye a rubuce, a kuma ƙayyade wanda zai iya kallo da lokacin da za a goge. Iyayen da suka nemi malama ga 'yarsu a biya musu buƙata, wannan kuma dalili ne na ɗaukar mata tun farko, musamman da yake aikin yana ba matar aure damar koyarwa daga ɗakinta. Iyaye su san lambar da za su kai ƙorafi wadda ba ta malamin ba ce.

Haka nan a rubuta cewa malami ba ya yi wa ɗalibi aikin gida ko aikin da makaranta za ta ba shi maki a kai, kuma ba ya tura amsa ranar jarrabawa. Satar amsa laifi ne a ƙarƙashin dokar maguɗin jarrabawa ta 1999, kuma hukumomin jarrabawa kan riƙe ko su soke sakamakon wanda aka kama.

Girma da abin da iyaye za su tambaya

Hanyar da ta fi aminci ita ce a fara da malami biyu ko uku da ɗalibai kamar 10 na zango ɗaya, a gyara tsarin, sannan a faɗaɗa. Idan malamai suka kai takwas zuwa 10, lokaci ya yi da za a raba aiki: mutum ɗaya ga jadawali da iyaye da kuɗi, wani ga ingancin koyarwa. Ɗaukar ɗalibai fiye da ƙarfin malaman da aka tantance shi ne ke rusa sunan da aka gina.

Ga iyayen da ke neman irin wannan hidima, tambayoyi kaɗan za su bambance musu tawaga mai tsari da wadda ba ta da shi. Shin an yi wa yaro gwaji kafin a fara? Yara nawa ne a rukuninsa? Malami ɗaya ne zai riƙe shi har ƙarshen zango? Ta yaya malamin ke ganin abin da yake rubutawa? Wane rahoto za a riƙa turowa, kuma yaushe? Me zai faru da kuɗin darasin da aka fasa? Wanda ya yi alƙawarin A1 kafin ya ga takardar yaro, a yi hattara da shi. Bayan wata biyu, uba ko uwa su ɗauki littafin yaron su kwatanta shafin farko da na ƙarshe, su kuma ba shi tambaya ɗaya daga gwajin farko ya amsa a gabansu.